Masu sa rada ga alaram ɗin mota, ku ji tausan unguwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da hwatan kana lahiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya zahi. Ni mai gyaran kuran ɗin mota ne nan Tahoua, elektirisiyan dai, kuma wata magana ce ta sana'armu nike roƙo ka ba ni hili in yi ma jama'a, don ta hita garaji ta shiga unguwanni tana hana bayin Allah kwana.

Maganar ɗan kaptar ɗin ga ce da ake ƙara ma alaram, wanda ke jin mutum tun bai taɓa mota ba, mu rada muke ce mishi. Shi ake yayi yanzu. Ɗan bida shi dawo daga Abidjan ko Libiya, Allah shi hore mishi ƴar Corolla ko RAV4, kamin ma a canza mai abin da za shi ce maka shi ne "patron sa mini irin wadda ke kuka in an matso". Ban ga laihinsu ba, tun da iyakar Benin ta ruhe a 2023 motoci sunka koma biyowa ta Lome da Burkina kuɗɗin mota ya hau, wanda ya samu tashi dole shi yi tattalinta. Ni ma ina sa radar ga, da ita nike cin abinci, kuma abu ce mai anhwani. Amma yadda ake buɗe ta garin ga ɓarna ce, ga mai mota da maƙwabtanshi baki ɗai.

Alaram ɗin da munka saba da shi abu biyu shike tsaro. Akwai kontaktar na ƙohwa, in an buɗe shi tashi, akwai kaptar na shok, in an bugi mota ko an hwasa gilashi shi tashi. To mu nan wa ke ruhe gilashi ruf a watan Afirilu? Kowa shina barin ɗan yatsa biyu ko ukku don iska ta shiga, in ba haka ba sitiyari ba shi taɓuwa. Yaro mai ɗan siririn hannu ko mai ƙugiya shi zura shi ɗauke salula ko jikkar Hajiya bisa kujera, bai buɗe ƙohwa ba, bai girgiza mota ba, alaram na nan shina kwana. Haka bayan Hilux, a sauke maka kaya ɗai-ɗai ba abin da za shi ji. Wanga gurbin ne rada ke cikewa, kuma don shi anka ƙera ta, can Amurka motocin da ba su da ruhi da masu buɗaɗɗen baya ake sa ma ita tun asali.

Ɗan akwati ne da bai kai kwalin taba ba. Shina watsa igiyar rediyo marar ƙarhi, dangin ta wifi, igiyar ta bugi abin da ke kewaye ta komo mishi. In komi na tsaye yadda ta tahi haka take komowa, ba ruwanshi. In wani abu na motsi sai muryar igiyar ta ɗan canza, wanga canjin shike ji. Ko kai ka tsaya bakin hanyar Agadez wani kar na fasinja shi taho shina oda, za ka ji kukan odar da tsini lokacin da shike matsowa, shina wuce ka sai kukan shi yi kauri, alhali direba bai canza komi ba. Wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, shi ya yi bayanin abin ga tun 1842, da shi kuma radar ƴan sanda ke auna gudun mota a ƙasashen da ake haka. Abu biyu ke hitowa nan da ya kamata duk mai mota shi riƙe. Igiyar na ratsa gilashi da roba da tuhwahi amma ƙarhe na tare ta shi maido ta. Kuma motsi take gani, ba ta san niyya ba, jikin da ke da ruwa in ya gitta ta gan shi, ɓarawo ne ko liman ko tunkiya duk ɗai gare ta. Masu tambaya ko tana cutar da jiki, ƙarhinta bai kai na salular da kake ɗorawa ga kunne ba.

Mai kyau daga cikinsu, kamar 508D da ake sa ma alaram ɗin Viper da ire-irenta, zon biyu gare ta da ƴan sukurori biyu na reglaji. Zon na waje in an shigo shi sai mota ta yi ɗan kuka gajere, tit tit tit, gargaɗi kenan, matsa can. Zon na ciki shi ne in hannu ko kai ya shiga cikin mota, nan jiniya ke tashi gaba ɗai. Duk rigimar da nike magana bisa zon na waje take.

Don Elhaji in ya biya kuɗɗinshi so shike a gani. Sai shi ja da baya taki huɗu ko biyar shi ce "ina so daga nan ta ji ni". In ce Elhaji Allah shi ba ka haƙuri, ina motar ga ke kwana? Shi ce ƙohwar gida. To ƙohwar gida a Tahoua ai hanya ce. Da asuba masu tahiya masallaci, da hantsi ƴan lakkol, ga almajirai, ga awaki da ke neman inuwar mota su kwanta, ga mai sharet da jakinshi, ga kabu-kabu da ke wucewa kamar shi goge madubi. Ranar Lahadi ka aje ta bakin kasuwa, Juma'a ka aje ta cikin sahun motoci inda mutane ke kutsawa tsakani da tabarmi. Wanda ya tsara zon na waje mota ya hango a hilin farkin mai hwaɗi inda duk wanda ya matso mita guda da dalili ya matso, ba lungunmu ba. Kuma yara sun gano abin, wasa ya zame musu, su rugo su gitta mota ta yi tit tit su watse da dariya, su komo.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Sati na hwarko maƙwabta na leƙowa. Kamin wata shi ƙare ba mai ɗaga kai, sai dai tsaki daga cikin ɗaki, "motar wane ce kuma". Shi kanshi mai motar in ya gaji sai shi danna telekomand daga bisa gado ba tare da ya hito ba, ko shi bar sa alaram ɗin kwata-kwata, wanda ya hi muni, don ya tashi daga mai tsaro rabi ya koma marar tsaro. Kuma ɓarawon da ya san aikinshi ya san haka, shi tada ta sau biyu sau ukku daga nesa hal a kashe, sannan shi zo. A Turai doka ta ƙayyade ma alaram ɗin mota sakan 30 ga kowane tashi, don sun ga in kuka ya yi yawa ba shi da sauran daraja. Mu nan akwai tsoho marar lahiya bayan bango, akwai mai jego, akwai gardi da ya kwana tsaye shina son ɗan runtsawa da rana, haƙƙinsu fa? Wallahi na san gidajen da gaisuwa ta yi sanyi tsakaninsu bisa kukan mota.

Sai batiri, wanda shi ne ke maido su wurina suna hwaɗa. Mu yi lissahi mai sauƙi. A ce alaram da rada da sauran ƴan abubuwan mota na shan miliamperi 40 in mota na kashe. Awa 24 kusan amperi guda kenan ya tahi. Batiri mai amperi 60 in an aje mota wata guda rabinshi ya ƙare, kuma batirin da ya sha zahin Adar shekara biyu 60 ɗin nan ga takarda kawai take. Wanga in ba ta yi kuka ba kenan. In ta tashi, jiniya kaɗai na jan amperi guda ko hiye, ga kilinyota huɗu kowace kwan hitila wat 21, in sun kama tare wajen amperi 7. A yi haka dare duka saboda akuya, da sahe sai turi. Sai a ce elektirisiyan ya sa kaya marar kyau, ko a tahi a canza altarnatar da lahiyarshi lau.

Yanzu ga ƴan uwana masu sana'a da aparanti, don rabin laihin namu ne.

Yawancin radar ga fil huɗu gare ta. Ja na kuran, bolti 12 wanda ba ya ɗaukewa ko an cire makulli, kuma a sa mishi ƙaramin fizibil kusa da inda anka ɗauko shi, ba a ja shi tsirara ƙarƙashin kafet ba. Baƙi na mas, wato ƙarhen jikin mota inda kuran ke komawa. Sauran biyun, sau da yawa tsanwa da shuɗi, guda na gargaɗi guda na cikakken kuka, kuma mas suke aika ma santiral, wato babban akwatin alaram ɗin, in sun ga motsi. Na ce sau da yawa don kayan da ke zo mana daga Sin kowa da launin da ya ga dama, a duba takarda, a auna da miltimetir kamin a haɗa. In an juya su, gargaɗi shi koma wurin cikakken kuka, to duk wanda ya gitta jiniya za ta tashi, kuma na kwance irin wanga aiki ba sau guda ba.

Baƙin fil ɗin kuma ya hi kyau kar a ɗaure shi ga bodi kai tsaye. Santiral da yawa na da wani fil da ke ba da mas sai in an sa alaram kaɗai, nan ya kamata a kai shi, ta haka rada ba ta aiki kana cikin tuƙi. Kuma bisa wanga fil ɗin nike sa ɗan antariptar a ɓoye, na dala kaɗan ne, ranar kasuwa ko Juma'a ko wurin biki mai mota shi kashe rada kaɗai, ƙohohi da shok na nan na tsaro. Wasu alaram ɗin ma in ka danna maɓallin kullewa sau biyu suna tsallake kaptar da kansu, amma wa ke gaya ma mai mota? A karɓi kuɗɗi a miƙa telekomand shi ke nan.

In santiral ba ta da wata kahwa ta dabam, dole rada da kaptar na shok su shiga kahwa guda, to nan sai an sa diyod, ƴar abar da ke barin kuran shi wuce ta gehe guda kaɗai, kowane da tashi, 1N4007 ta isa, gehen mai zobe shi dubi kaptar. In ba a sa ba guda na maido ma guda kuran, alaram shi riƙa tashi ba dalili ko shi ƙi tashi sam, ka wuni kana neman aljanin da babu.

Wurin ɗaura ta shi ne tsakiyar mota, ƙarƙashin robar da ke tsakanin kujerun gaba ko cikin silin, don da'irar ta raba daidai, in ka manna ta gehen direba sai ta hito waje ta wanga gehe ta bar wancan. Kar a ɓoye ta bayan ƙarhe. Kar a sa ta dab da inda ake zuba canji da makullai, ƴan silalla na motsawa take gani. A ɗaure ta da koliye tamau, sikoc mai huska biyu narkewa shike da zahinmu, akwatin shi hwaɗo shina lilo, in shi da kanshi na motsi ai duniya duka ke motsi gare shi. Haka haɗin fil, a yi suda a ruhe, murɗawa da hannu a naɗe da sikoc ba ta kai damina in mota na bin laterit ɗin ƙauyukka.

Kuma don Allah aparanti ku ji wagga da kyau. Ƙarƙashin robar nan ta tsakiya, ga Toyota da yawa, nan akwatin erbag, jikkar iskar da ke hitowa ta tare mutum in an yi hatsari, shike zaune, fil ɗinshi da kan haɗinshi ruwan ɗorawa ne. Ba a huda su, ba a ɗaukar kuran gare su, ba a gwada su da hitilar gwaji. Erbag in ya hwashe ma mutum ga huska yana duƙe ba wasa ba ne, ban da kuɗɗin da za a biya. Sabbin motoci kuma kwamfuta ke magana da kwamfuta bisa fil biyu murɗaɗɗu, ka yanke ba ka sani ba tablo shi cika da hitilu.

Reglaji shi ne aikin, kuma shi ne ake yi cikin minti biyu cikin garaji tsakanin tarin ƙarahuna, inda igiya ke bugun komi tana komowa. A hitar da mota hili. A maida sukurorin biyu ƙasa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, bayan kowane gwaji a ja da baya a ba ta ƴan sakanni ta natsu. Zon na ciki, a sauke gilashi a zura hannu hal wajen kujera, ta tashi, a gwada ta kowace taga da baya, amma in ka tsaya jikin ƙohwa kana kaɗa hannu waje kar ta tashi. Zon na waje kuwa ni inda nike barinshi shi ne sai mutum ya manna huska ga gilashi shina leƙe, tazarar taƙi guda ko ƙasa da haka. Mai wucewa shi wuce abinshi. Motar da ke kwana bisa hanya ma ƙwarai nike ba mai ita shawara a bar fil ɗin gargaɗi ba a haɗa ba, na ciki ya wadatar. A kuma sake gwadawa da dare bayan an yi da rana, don jin radar na ɗan canzawa tsakanin zahi da sanyi, wadda ta natsu da azahar tana iya zama mai tsegumi da asubar hunturu.

Sannan a tambayi mai mota inda take kwana, a je a gani in ta kama. Garaji mai ƙyauren tol da iska ke kaɗawa na tada ta. Hitilar neyon ta bakin shago in tana kusa na tada ta. Ruwan Agusta in shina kwarara bisa farbiriz na tada ta in an buɗe ta da yawa. Abin ƙarhe da anka rataya ga madubi shina lilo, shi ma. Gilashin da anka manna ma baƙar leda mai ƙarhe-ƙarhe ciki kuma shina tare igiyar, sai ka ga aparanti na ta ƙara sukuru don ta hito waje hal na ciki shi haukace.

Ana kawo mini wasu iri a ce in sa, gara in hwaɗi ra'ayina. Mai ƴan idanu biyu da ake mannawa gehen farbiriz, iltirason, sauti shike watsawa mai kilohaz 40 wanda kunne ba ya ji, yana da kyau ga mota ruhe ruf, amma iska na ruɗa shi, ka bar taga buɗe cikin hunturu ka ga aiki. Na gida mai hwarin ƙoƙo, wanda ake sa ma hitila ta kama in an gitta, zahin jiki shike gani, ba ya gani ta cikin gilashi, kuma cikin motar da ta wuni rana ta haura digiri 60 jikin mutum mai 37 me za shi nuna? Ba na mota ba ne. Sai ɗan allon nan mai araha RCWL-0516 da samari masu son haɗe-haɗe ke saye ta intanet, rada ce ta gaske, amma tana kai mita 5 zuwa 7, zon guda gare ta, ba ta da sukurun ragewa, kuma bolti 3,3 take hiddawa alhali alaram mas shike jira, sai an ƙara mata tiranzisto. Don koyo madalla, ina ma ƙarhwahwa musu gwiwa, amma ba ga motar Elhaji da ke kwana lungu ba. Araha ba ta ado.

Kuma kar mu sayar ma mutane da abin da babu. Rada ba ta hana a tada mota, ba ta hana a ja ta, kuka kawai take sawa. Abin da anka hi ɗauka ma nan batiri ne, kuma sai ka tarar an kashe jikkuna bisa rada amma kapo ba shi da kontaktar, ɓarawo shi buɗe shi cire kan batiri kuka shi mutu nan take. Wanda kuɗɗinshi ba su da yawa shi hwara da kontaktar na kapo, da jiniya mai ɗan batirinta a ciki wadda ke ci gaba da kuka ko an yanke fil, da ɓoyayyen antariptar bisa pompin esansi. Mai hali shi ƙara da GPS mai pis ta Airtel ko Moov ko Zamani, shi tuna da sa mata kiredi. Rada ta zo bayan waɗanga.

Roƙona biyu ne Malam Edita, tunda jaridarka na shiga inda muryata ba ta kai. Ƴan kasuwar da ke kawo mana kayan ga daga Katako da Kano da Dubai su riƙa neman masu takarda da Faransanci, ko aƙalla mai zanen haɗi da ake ganewa, su bar zubar da kwali suna miƙo mana akwati tsirara cikin leda. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM kuma da ke koya ma yara kuran ɗin mota su sa alaram da kaptar cikin darasi, da auna abin da mota ke sha in tana kashe, don yaran ga su ne za su buɗe garaji gobe kuma motocin da ke zuwa sai ƙara fil suke.

Mai motar da an riga an sa mishi tana damun unguwa kuma ba sai ya cire ba, shi koma wurin wanda ya sa ta shi ce a rage zon na waje a ƙara mishi antariptar, aikin rabin awa ne, ni dai wanda na sa ma ban karɓar ko dala bisa wanga.

Na gode, Allah shi ƙara ma jarida albarka.

Naka,
Wani mai gyaran kuran ɗin mota, Tahoua